Fentin Da Na Yi A Ɗakin Man Inna

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku jama'ar da ke karantawa. Allah Ya ba ku ladan ɓata lokacinku a kan damuwar wasu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙo kada a fara da zagina. Babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin abin da ke gabana ba zai wuce Juma'ar nan ba.

Ni mutumin Matameye ne, tela ne ni, ina da mata ɗaya da 'ya ɗaya. Gida ɗaya muke da mahaifiyata, muna ce mata Inna. Sana'ar Inna man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun kafin a haife ni take yi, da shi ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Duk unguwarmu idan aka ce man Inna, ba a shinshinawa, zubawa kawai ake yi. Tana da ɗaki guda a ƙuryar gida, can take ajiye buhunan gyaɗa, da darukan mai, da bidon-bidon, wato jarkoki, da mazurarinta. Makullin ɗakin nan a bakin zanenta yake kwana.

Mu biyu ne maza a wurinta, ni da yayana, Allah Ya jiƙansa. Yaya kowane rani Kano yake tafiya, yana aiki a garajin masu gyaran jikin mota da fenti. Idan ya dawo, tun daga zaure za ka san ya iso, saboda warin diliyan, wato ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya riga ya kama tufafinsa, ko an wanke ba ya fita. Wata shekara sai ga shi da wani tsohon moto, wato babur, mai ƙafa huɗu, irin wanda ake ce wa kwad, a wargaje cikin buhuna. Kowa dariya ya yi masa. Ya zauna ya haɗa shi da hannunsa, ya yi masa waldar kariya a baya, ya fesa masa jan fenti. Da shi ya riƙa kai kaya Ɗan Barto da ƙauyukan Dungu, ta cikin rairayin da moto mai ƙafa biyu ke nutsewa. Ni kuwa a bayansa na girma, ina riƙe da ƙugunsa yana ce mini, "Riƙe da kyau, ɗan tela, wannan ba keken ɗinki ba ne."

Da daminar bara waccan ruwa ya zaftare hanya, moton ya kife da shi a wani kwazazzabo, ya danne masa ƙirji. Kafin a kawo shi asibiti rai ya yi halinsa.

To ku da kuka san al'adarmu kun san ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ranar da ya rasu mata na ta kuka, ita tana zaune tana cewa a yi haƙuri, kamar ɗan maƙwabta ne ya mutu. Ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya. Sai bayan sadakar bakwai, da aka turo moton ƙofar gida, ta leƙo ta gan shi. Ta kira ni, muryarta ba ta ko rawa, ta ce, "Auta, ka kai abin nan wurin masu sayen ƙarfe su yanka shi. Idan na sake ganinka a kansa ko a kusa da shi, ban yafe maka ba, duniya da lahira." Na ce to. Da yamma na dawo na ce mata an yanka.

Ba a yanka ba, jama'a. Har bakin wurin masu ƙarfen na kai shi, na ga yadda suke dukan wata tsohuwar mota da guduma, na dubi waldar da Yaya ya yi a karkace, wadda nake tsokanarsa a kai, sai na ji ba zan iya ba. Me ya rage mini nasa? Tufafinsa an rabar, wayarsa ta fashe a wurin. Na juya na kai shi gidan wani abokina mai faci, muka kwance shi gunduwa-gunduwa, muka tura bayan ɗaki muka rufe da tsofaffin tayoyi. Can ya zauna har bazarar bana, da abokin nawa ya ce zai yi gini a wurin, in zo in kwashe kayana. Da na je na ɗaga tayoyin, na tarar tsatsa ta cinye shasin, wato ƙashin ƙarfen da komai ke hawa kansa. Jan fentin nan duk ya ɓaɓɓake. Wallahi ji na yi kamar shi na bari a cikin ruwa.

Nan shaiɗan ya ba ni dabara. Na ce idan na kankare shi na canza masa launi, na mayar da shi shuɗi, wa zai gane? In haɗa shi in ajiye a gonarmu ta hanyar Dungu, in riƙa ɗaukar taki da shi, Inna ba ta zuwa gona. Sai kuma aka yi dace, ko in ce rashin dace, yayata mace ta haihu a Tsauni, Inna ta shirya za ta je ta zauna mata wankan jego. Da za ta tafi ta kwance makullin ɗakin mai ta ba matata. Zan kira ta Rabi, ba sunanta ke nan ba. Ta ce, "Ungo 'yar nan, ko kaza kada ta shiga." Ku sani Inna ce da kanta ta zaɓo mini Rabi, kuma tsakaninsu ba suruka ba ce, 'ya ce. Tare suke soya gyaɗa, tare suke gulmata.

Inna na fita na ɗauko shasin a amalanke, na lulluɓe da kara, na shigo da shi da tsakar rana lokacin da zafi ya kori kowa daga titi. Na fara a tsakar gida. Tela da fenti, me ya haɗa su? A waya na kalli yadda ake yi. Na gurje tsatsar da buroshin ƙarfe da takardar gurza har fatar yatsuna ta saɓule, na wanke maiƙon da ruwan sabulu, na shanya. Na shafa antiruyi, fentin farko mai hana tsatsa. Ban gama juyawa ba iska ta taso ta watsa masa yashi, ƙudaje suka manne, zakaran maƙwabta ya haye kai ya bar mini sawunsa. Ga matan da ke leƙowa sayen mai, kowace da idonta. Raina ya ɓaci, ni kuwa idan raina ya ɓaci ba na tunani. Na ce wa Rabi ta ba ni makulli.

Ta ce, "Baban Ummi, ka rufa mini asiri. Amana ce fa."

Na ce, "Ɗakin uwata ne ko na uwarki?"

Haka na faɗa mata, ban rage komai ba, don ku san irin mutumin da ke neman shawararku. Ta dube ni, ta kwance makullin ta ajiye a kan turmi, ba ta ko miƙo mini a hannu ba, ta shige ɗaki.

Na tura buhunan gyaɗa gefe, na rufa musu tsohon zane, darukan mai kuwa dama da faifai a kansu, na ce ai ya isa. Na ɗaura igiya a azara na rataye shasin yana lilo, na rufe ƙofa da taga, na toshe kafofi da tsumma don kada ƙura ta shiga. Na sake gurzawa, na sake shafa antiruyi. Diliyan ɗin a babban galan na sayo, bakin kwalbar da nake zubawa ƙarami, sai na miƙa hannu na ɗauki mazurarin Inna. Na ce ai zan wanke. Fentin ya yi gudaji, na tace shi da ƙyallen da take tace mai. Na ce shi ma zan wanke. Da ya bushe na bi shi da gwangwanayen feshi, shuɗi, hawa kan hawa, ina fesawa ina fita waje in shaƙi iska don kaina juyawa yake yi. Mutumin da kansa ke juyawa saboda wari, bai isa ya tambayi kansa gyaɗar fa ba? Ni ban tambaya ba. Na kulle shi a ciki kwana da kwanaki cikin zafin bazara don fenti ya kama sosai. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar da na buɗe na gan shi yana sheƙi, sai da na yi kuka don daɗi. Na ce da Yaya na nan da ya ce ɗan tela ya yi ƙoƙari.

Na kai shi gona na ɓoye a bukka. Na wanke mazurari da ƙyalle, na share ɗaki, na bar ƙofa buɗe, na turara turaren wuta. Hancina ya riga ya saba, sai na ji kamar ba komai. Rabi ta leƙa ta ce, "Akwai wari." Na ce mata ita dai ba ta rasa abin faɗa.

Inna ta dawo da mura, hancinta a toshe. Washegari ta ɗura man da ke daro a bidon-bidon da mazurarin nan, ta soya sabuwar gyaɗa daga buhunan nan, aka kai inji, aka matse, aka yi ƙuli. Aka saya kamar kullum, ba wanda ya shinshina, ai man Inna ne. Kwana bai zagayo ba sai ga mai ƙosan bakin tasha, matar da ta fi shekara goma tana sayen mai a gidanmu, ta shigo ko sallama babu, ta dire bidon a tsakar gida. Ta ce, "Inna, me na yi miki? Ƙulluna gaba ɗaya na zubar, masu saye na tofarwa a gabana, wani yaro har da amai. Kalanzir kika fara haɗawa da shi?" Kafin la'asar an dawo da mai ya fi a ƙirga, har ƙulin da 'yan talla suka ɗauka. Inna ta ɗanɗana da bakinta, ta tofar, ta zauna a ƙasa daɓas. Ina tsaye a bakin zaure da almakashi a hannu. Nan ne ya kamata in yi magana, ko? Na juya na koma shago.

Tun daga ranar ba wanda ya sake sallama don mai. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu ba a taɓa dawo mata da ko ludayi ɗaya ba, yau a bakin famfo ana ce mata mai algus. Ta zubar da man, gyaɗar ko awaki sun ƙi ci. Hawan jininta ya tashi har sai da muka je aka auna ta aka ƙara mata magani. Sai kuma magana ta juya, kun san bakin unguwa. Aka ce ai Inna ba ta nan, wa ke riƙe da makulli? Aka ce surukar zamani ce, ta gaji da wahalar suyar gyaɗa, ta zuba kalanzir don sana'ar ta mutu ta huta. Rabi ta je gidan suna, mata suka ja tabarma suka bar ta ita kaɗai.

Inna ba ta yarda ba ko kaɗan. Ta kira mu ta ce, "Ni na san 'yata. Amma bakin mutane sai da abin rufe shi. Zan kira kawunku Malam ya zo da Alƙur'ani, a tara matan nan, ki dafa ki ce ba ki zuba komai ba, ba ki kuma ba kowa makulli ba. Shi ke nan, duk wadda ta sake magana ni da ita." Tana faɗa tana murmushi, ita a ganinta ta samo wa Rabi mafita.

Rabi ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, zan rantse ban zuba komai ba."

Inna ta ce, "Da makullin."

Rabi ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ke 'yar nan, da makullin na ce."

Rabi ta fara hawaye. Ina zaune kusa da ita har gwiwarmu na taɓa juna. Na ga murmushin Inna yana gushewa a hankali. Ta juyo ta dube ni, kallon tausayi, wai ni take tausaya wa, ta ce, "Tashi ka tafi shago, Auta, wannan maganar mata ce." Na tashi na tafi. Wane irin namiji ne wannan?

Yanzu maganar ta wuce kalanzir. Yanzu cewa ake yi wa ta ba makulli? Wa take shigarwa ɗakin ƙurya idan miji ya tafi shago, uwar miji tana Tsauni? Har wani ya zo shagona da sunan kawo ɗinki, ya ce in yi haƙuri, mata sai addu'a. Na kusa soka masa almakashi, alhali ni na jawo. Matar da ko zaure ba ta leƙawa sai da izinina, yau ita ake yi wa wannan zato, saboda ni da wani ƙarfe.

Za ku ce to ka faɗi gaskiya mana, me ya fi wannan sauƙi? Wallahi na yi niyya. Ranar Litinin na dawo cin abincin rana na tarar da ƙofar ɗakin man a buɗe, Inna na zaune a ciki a kan buhun da ba komai, ita kaɗai. Na shiga na durƙusa, na haɗa maganar a bakina. Kafin in buɗe baki ta ce, "Auta, kai ba ka ji ba?" Na ce me? Ta ce, "Tun da murar nan ta sake ni nake jinsa. Mutane na cewa kalanzir, ba kalanzir ba ne. Warin rigarsa ne in ya dawo daga Kano." Sai ta kira sunansa. Sunan Yaya, na yanka, wanda tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba. Ta faɗe shi sau biyu, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, shi take yi a gabana. Ta ce kullum sai ta shigo ta zauna, ba ta son warin ya fita, ta ce ko sadaka yake nema, ko kuwa ita ce ta fara taɓuwa. Ta sake tambayata, "Ba ka ji ba?"

Na ce, "Ban ji komai ba, Inna."

Ta yaya zan ce mata warin da take zama a ciki tana tuna ɗanta, warin abin da ya kashe shi ne? Cewa na rataye shi a azarar ɗakinta, a saman abincinta, na yi masa kwalliya? Cewa shekara biyu ina kallon idonta da ƙarya? Ga furucin da ta yi, ban yafe ba duniya da lahira, kuma Inna ba ta magana biyu. Ga jininta da likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali. Idan na faɗa ta yanke jiki ta faɗi, in ce wa ya kashe ta? Na yi tunanin in kai shasin a yanka yanzu, in zo in ce fentin ƙofar shago na yi a ɗakin. Amma wata ƙaryar ce kuma, kuma Kawu Malam ba yaro ba ne, cewa zai yi in dafa in faɗa. Na yi tunanin in same shi shi kaɗai in gaya masa, amma ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya wanke gawar Yaya, ban san ta inda zai ɗauke ta ba. Na je gona na zauna gaban shasin, shuɗin nan da ya ba ni sha'awa yanzu ko kallonsa ba na son yi, amma har yau hannuna ya kasa ɗaukar guduma.

Inna ta ce Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu zai zo, kuma wannan karon a gaban iyayen Rabi. Ta ce idan ta dafa ta faɗi duka biyun, ita da kanta za ta bi gida-gida ta wanke ta. Idan ta ƙi, to ta bi iyayenta, don ba za ta zauna da wadda ke ɓoye mata wanda ya shiga ɗakinta ba.

Jiya da safe na ga Rabi tana ninke kayan Ummi tana sawa a jaka. Na ce mene ne haka? Ta ce shiri take yi. Na ce ta ƙara mini lokaci, zan san dabara. Ta ce, "Baban Ummi, dabararka ce ta kawo mu nan." Sai na ji bakina yana cewa wai ko za ta dafa ɗin kawai, tunda ai ba a hannu ta ba ni makullin ba, a kan turmi ta ajiye. Ta daina ninkin ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonta ba. Ta ce, "Har Alƙur'anin ma dabara za mu yi masa?" Sannan ta ce, "Ba zan rantse a kan ƙarya ba. Ba kuma zan zama sanadin da uwa za ta tsine wa ɗanta ba, ɗaya ya rage mata. In an ce in tafi zan tafi, su faɗi abin da za su faɗa. Amma Ummi za ta girma ta ji abin da aka ce uwarta ta yi, kai kuma kana nan kana ji." Ta ci gaba da ninke kayanta, ta tambaye ni ko ta kawo mini kunu.

Jama'a, yau Laraba. Idan na yi shiru, matar da ta rufa mini asiri za ta fita daga gidana da sunan da ba nata ba. Idan na yi magana, zan tsaya gaban uwata in karɓe mata ɗan abin da ya rage mata na Yaya, in kuma ji ta maimaita kalmar nan a kaina. Na san wanda ya kamata ya sha wannan wuta ni ne, ba sai kun gaya mini ba. Abin da ban sani ba shi ne ta wace ƙofa zan shiga, da wace kalma zan fara, wa zan sa a gaba, yadda Inna za ta ji ba tare da ta faɗi ba. Masu iyaye, masu ilimi, wanda ya taɓa jin uwa ta janye irin wannan furuci, don girman Allah ku yi magana kafin jibi.

Jakar Rabi tana bayan ƙofa, Inna kuma yanzu haka tana cikin ɗakin nan a zaune. Me zan yi?